Kunamar Ruwa a Rigar Tsoho

Matar da ke zuwa sarin tarwaɗa ce ta fara ganinsa. Ta shigo gonar kifi da yamma da bahonta a ka, ta yi sallama ba wanda ya amsa, ta leƙa kwamin siminti na ƙarshe don ta ga ko kifin sun yi girman da take so. A nan ta ga farar riga ta kumbura a kan ruwa, tarwaɗa na kewaye da ita. Ta saki bahon, ƙararsa ce ta tara mutane kafin muryarta ta fito.

Tsoho ne. Duk unguwar bakin fadama ba wanda bai san shi ba, haka kuma kowa ke kiransa, har waɗanda suka girme shi. A zamaninsa ba a yi masunci kamarsa ba. Daga baya hankalinsa ya soma gushewa kaɗan-kaɗan, har ya kai yana tambayar 'ya'yansa su waye iyayensu.

Da aka fito da shi aka ga goshinsa a fashe. Nan take wani ya tuna cewa Mai Gona ya taɓa korar Tsoho daga gonar a gaban jama'a, ya ce in ya sake ganinsa a bakin kwami ba ruwansa da furfura. Wani kuma ya ce ai Maigadin gonar baƙo ne, ba a san asalinsa ba, ba ya zama cikin mutane. Ana cikin haka sai ga Maigadin ya shigo da buhun abincin kifi a kafaɗa, yana tambayar me ya faru. Ba a ba shi amsa da baki ba. Kafin Sajan na 'yan sanda ya iso da mutanensa, an karya masa hannu, an farfasa masa fuska, ido ɗaya ya rufe.

Sajan mutum ne mai natsuwa, ya san abin da ya iya, ya san wanda bai iya ba. Da ya ga yadda ƙafafu suka tattake wurin, sai ya aika a kira masa Sunkuye.

Sunkuye mai bin sawu ne. Sunan ya samo asali daga tafiyarsa, don tun yana saurayi kansa a ƙasa yake, har matarsa takan ce da za ta sauya fuska bai sani ba, amma ranar da ta sauya takalmi zai tambaya. Shanun da aka sace da yaran da suka ɓata, duk shi ake nema. Amma wannan kiran ya yi masa nauyi. Tsoho ne ya riƙe shi lokacin da ya zo garin ba shi da kowa, a ɗakinsa ya kwana shekara da shekaru, 'ya'yan Tsoho biyu kuma a kafaɗarsa suka girma. Har yau Kawu suke ce masa.

Ya zagaya kwamin bai sami komai ba. Sawun mutum sama da ɗari ne a kan juna, ga jinin Maigadi ya bushe a kan yashi. A bayan gonar akwai inda shingen waya ya kwanta tun damina, daga nan sai ciyawar fadama, shanu kuma sun bi ta wurin da za su koma gida. Ya gaya wa Sajan gaskiya, ƙasa ba za ta yi magana a nan ba. Ya nemi a nuna masa kayan da ke jikin mamacin.

A wani ƙaramin ɗaki na bayan asibiti aka ajiye su, cikin bokitin roba. Ya san rigar. Ya san ɗinkin da ke kafaɗarta, aikin Tela ne, ɗan Tsoho. Ya daɗe tsaye kafin ya iya sa hannu.

Ƙafar wandon a naɗe take har gwiwa, yadda Tsoho ya saba naɗe ta ko da a kan gado yake. Da Sunkuye ya warware naɗin, sai baƙar laka ta zubo, a cikinta wasu ƙwari masu launin ƙasa suna motsi, masu ƙafa shida da manyan idanu. 'Ya'yan mazari ne, waɗanda ke rayuwa a ƙarƙashin ruwa kafin su yi fiffike. Ya zuba su a murfin bokiti da ɗan ruwa. Sannan ya ɗaga rigar, a cikin ninkin da ke kan ƙirji ya tarar da kunamar ruwa, babba, tsawonta ya kai ɗan yatsa, faɗinta kamar ganye. A mace take. An murƙushe ta, bayanta ya fashe, ƙafafunta na gaba masu kama da ƙugiya sun maƙale a zaren rigar.

Sajan ya tambaye shi me ya gani a ƙwaro. Ya ce bai sani ba tukuna. Ya naɗe ta a ƙyalle ya sa a aljihu.

Washegari da safe ya sami Mai Gona a ɗakin ajiyar abincin kifi, zaune a kan buhu, bai runtsa ba. Mutum ne mai ƙiba da saurin fushi, yau kuwa fushin ya bar shi, tsoro ya maye gurbinsa. Bai musa ba, ya kori Tsoho, ya kuma faɗi maganar da ake cewa ya faɗa. Ya ce tsoron abin da ya faru jiya ne ya sa shi faɗarta, don tsohon kan zo ya durƙusa a bakin kwami yana yi wa kifi magana. Jiya shi yana can cikin gari wajen gyaran injin ruwa, makaniki shaida ne. Maigadi kuma shi ya aike shi bakin titi ya kwaso buhuna, motar da ta kawo su ta maƙale a can.

Sunkuye ya buɗe ƙyallen ya nuna masa, ya kuma ba shi labarin 'ya'yan mazarin. Mai Gona ya dubi ƙwaron da irin kallon da manomi ke yi wa fara.

Ya ce waɗannan su ne suka kusa tayar da shi daga sana'ar. Shekarar farko a ƙasa ya haƙa tafkunansa, ya zuba 'ya'yan kifi dubbai, kafin wata ya zagayo rabi sun tafi. Ya zargi tsuntsaye, ya zargi ɓarayi, har ya kori yaron da ke masa aiki a banza. Sai ranar da ya zauna ya zuba ido ya ga abin da ke faruwa. Ɗan mazari yana kwance a laka kamar tsinke, ɗan kifi zai wuce, sai wani abu ya fito daga ƙarƙashin bakinsa kamar hannu ya cafke shi. Kunamar ruwa kuwa ta fi haka. Takan rataye a jikin ciyawa kanta a ƙasa, ta kama kifin da ya fi ta girma, ta soka masa baki, ta zuƙe shi ta bar fata. Shi ya sa ya fasa tafkunan ya gina kwamaye na siminti, ya koma ruwan burtsatse, ya shimfiɗa raga a sama, duk mako a zubar da ruwa a wanke.

"Ka duba da kanka," in ji shi. "In ka sami ko ɗaya a kwamina, ka kai ni duk inda za ka kai ni. Ba laka, ba ciyawa. Kuma wancan na ƙarshe manyan tarwaɗa ne a ciki, ko ƙwaro ya faɗa ba zai kai ƙasa ba."

Sunkuye ya duba. Siminti ne fes, sai ɗan kore-kore a gefe. A kwamin ƙarshe ragar a yaye take daga kusurwa ɗaya, a bakin simintin kuma akwai ɗan tabo. Ya tsuguna yana kallonsa. Lakar da ke wandon Tsoho ba ta nan ba ce. A wani ruwan ya mutu, aka kawo shi nan. Goshin ma mai yiwuwa a nan ya fashe, bayan rai ya riga ya fita.

Daga nan ya shiga fadama. Ya daɗe rabonsa da ita, tun da Tsoho ya daina fita su. Ruwa ya ja baya, ya bar kududdufai nan da can, kowanne da halinsa. Wanda ke haɗe da kogi akwai kifi a ciki, ƙwari ba su da sakewa. Wanda ya yanke daga kogi kuwa, ƙwarin ne sarakuna. A irin wannan, in ka tsaya shiru, za ka ga baƙaƙen buzuzun ruwa suna nutso da kumfar iska a gindinsu, ka ga masu dogayen ƙafafu suna zamiya a saman ruwa suna jiran abin da zai faɗo, ka ga talibambam ya zo wucewa kusa da ciyawa ya ɓace kamar ba a yi shi ba. Tsoho yakan ce ba don su ba, da sauro ya tashi unguwar tuntuni. Yakan zauna rabin yini yana kallonsu, ya ce ya fi kallon mutane sauƙi, don su ba sa ɓoye abin da suke.

A bakin kogi ya tarar da Dogo yana gyaran koma. Dogo masunci ne, kowa kuma ya san shi da Tsoho ba sa ga maciji tun wata rigima da suka yi a kan wurin kafa tarko. Babban yatsansa na dama a naɗe yake da tsumma, ya kumbura. Sunkuye ya tuna ƙwaron da ke aljihunsa. Kunama ba ta murƙushe kanta ba, mamaci kuma ba ya marin ƙwaro. Wani mai rai ta harba, ya kai mata duka.

Ya tambaye shi abin da ya sami yatsan. Dogo ya yi dariya ba daɗi, ya ce kunamar ruwa ce, jiya da safe, yana zazzage koma. Ya ce in harbin kunama ne laifi to a kama duk masuntan fadama, ya miƙa hannayensa da ƙafafunsa, duk tabo ne. Jiya tun hantsi yana kasuwar kifi, mata goma za su rantse, don sai da suka yi masa tas a kan farashi. Da ya gama faɗa sai ya ce shi fa rigimarsu da Tsoho ta mutu tun ranar da tsohon ya tare shi a hanya ya kira shi da sunan ƙaninsa da ya rasu, ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Sunkuye ya yarda da shi. Amma ya tafi da abu ɗaya daga maganar. Masu shiga ruwa a hannu da ƙafa take harbinsu. Wannan kuwa a ƙirjin rigar take.

Rana ta take tsaka lokacin da ya sami wurin. Wani kududdufi ne mai bado, a bayan dogayen ciyayi, da wata bishiya mai inuwa a gefensa. Shanu ba sa zuwa nan saboda santsin gaɓar. Ya ga sawun Tsoho, ba takalmi, da jan ƙafar hagu da ya sani kamar sunansa. Sawun ya gangara ruwa, bai fito ba. A ƙarƙashin bishiyar ciyawa ta kwanta daidai tsawon mutum, ga alamar silifas ƙanana na mace. Sawun macen ya ruga ruwa, ya fito, ya ruga ta hanyar gari. Sannan ya dawo tare da wani, takalmin namiji mai rufaffen baki. Namijin ya shiga ruwa ba nauyi, ya fito da nauyi, diddigensa na nutsewa, takunsa gajeru. Bai yi nisa ba ya yi tangaɗi, ya tsaya da ƙafa a ware, kamar wanda wani abu ya firgita. Daga nan ya ci gaba ta cikin ciyawa, ya nufi bayan gonar kifi, har sawun shanu ya haɗiye nasa.

Sunkuye ya zauna a gindin bishiyar. Mazari ja da shuɗi suna ta kai da kawowa a kan bado, a jikin ciyawa ga busassun fatun da suka fito daga ciki. Ya so a ce bai iya aikinsa ba.

Gidan Tsoho cike yake da masu ta'aziyya. 'Yar Fari na zaune a ƙofar ɗakin mahaifinta, idonta a bushe. Ita ce babba. Aurenta ya mutu a kan jinyar nan, don mijin ya ce ta zaɓa, ta kuwa zaɓa. Tun daga lokacin ita ke yi wa Tsoho wanka, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke bin sa in ya fita. Sunkuye ya leƙa ɗakin. Katifar Tsoho na nan da ledar da aka shimfiɗa a kanta, ga bokiti da tsummoki a wanke a ninke, ga tabarmarta a gicciye a bakin ƙofa, inda take kwana don kada ya tsallake ta bai tashe ta ba. An cire duk wani abu mai kaifi. Madubin ma an juya shi bango, don yakan yi faɗa da mutumin da ke ciki.

Ta gaishe shi, Kawu, ta tambayi gida. Ya tambaye ta yadda aka yi Tsoho ya fita. Ta ce tana wanki a bayan gida, ta dawo ba ta gan shi ba. Ta faɗi haka tana kallon ƙasa, a irin muryar mai karanta abin da aka rubuta masa. Silifas ɗinta na gefen tabarma, an wanke su, amma akwai baƙar laka a tsagar igiyar.

Maƙwabta mata biyu suka ja shi gefe, ba don ya tambaye su ba. Suka ce su dai ba su ce komai ba, amma ana jin ta wani lokaci tana ɗaga wa tsohon murya, an ma taɓa jin ta ce ita kam ta gaji. Ya dube su har suka sauke ido. Ya tambaye su ko a cikinsu akwai wadda ta taɓa karɓarta na yini ɗaya. Suka koma cikin masu ta'aziyya.

Tela na waje cikin maza, yana karɓar gaisuwa. Shagonsa na cikin gari, yana da mata da yara, yakan leƙo gidan in ya sami sarari, sararin kuma bai cika samuwa ba. Tun yana yaro yake tsoron ruwa, Tsoho ya yi ya yi ya koya masa su ya gagara. Ana zafi kamar a cire fata, amma ya yafa tawul a wuya. In za a gaishe shi daga gefe, sai ya juyo da jikinsa duka.

Sunkuye ya wuce shi. Ya tafi wurin Sajan, ya roƙe shi abu ɗaya, kada a yi a gaban jama'a.

Da yamma suka taru a ɗakin ajiya na gonar. Mai Gona na tsaye jikin buhuna, Dogo ya tsuguna kusa da ƙofa, 'Yar Fari da Tela suna kan benci ɗaya amma da tazara a tsakaninsu. Matar da ta ga gawar ma an kira ta. Maigadi ne kawai babu, yana gadon asibiti da ɗan sanda a kansa, don tsaronsa. Sajan ya rufe ƙofa ya jingina da ita.

Sunkuye ya shimfiɗa ƙyallen a kan buhu. Ya faɗa musu abin da ya gani ba tare da ƙari ba. Lakar da 'ya'yan mazarin ba na gonar ba ne, don haka ba a nan Tsoho ya mutu ba. A kududdufin bado ya shiga ruwa da ƙafarsa, ba wanda ya tura shi. Wani ne ya fito da shi, ya goya shi a baya, ya kawo shi nan ya jefa a kwami, goshinsa ya bugi siminti. Ita kuma wannan ta shige rigar tun a ruwa. Da aka goya shi sai ta matse tsakanin ƙirjin mamaci da bayan mai goyon, ta yi abin da ta saba yi in an matse ta.

Dogo ya ɗaga yatsansa ya ce shi dai nasa a hannu yake. Sunkuye ya ce ya sani.

Ya juya ya dubi Tela. Muryarsa ta yi ƙasa, irin wadda yake yi masa magana da ita yana yaro in ya ɓoye ciwo.

"Cire tawul ɗin, ɗana."

Tela bai motsa ba. Yayarsa ce ta miƙa hannu ta zame shi a hankali. A gindin wuyansa, inda ya haɗu da kafaɗa, wurin ya kumbura ya yi ja, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya.

Ya soma magana da sauri, ya ce shi kaɗai ne, ita ba ta san komai ba, shi ya ga Baba a ruwa. Sunkuye ya ce sawu biyu ya gani. Sai 'Yar Fari ta ɗora hannu a gwiwar ƙaninta, ta katse shi.

Ta ce kwana da kwanaki Baba bai bar ta ta yi barci ba. Yana ta neman komarsa, yana cewa ruwa na jiransa. Wurin nan ne kaɗai yake samun natsuwa, shi ya sa takan kai shi in abin ya yi tsanani, ya zauna yana kallon ƙwarinsa, ita kuma ta ɗan huta. Jiya ta zaunar da shi a gaɓa ta kishingiɗa a inuwa.

"Na farka na gan shi, Kawu," in ji ta. "Ruwa ya kai masa ƙugu. Yana dariya, yana nuna mini wani abu a kan bado. Na ce a raina bari in ƙara rufe ido kaɗan, yanzu zan tashi. Na gan shi, na rufe idona."

Ta ce da ta sake buɗewa ba kowa a kan ruwan sai hularsa. Ta shiga ta laluba, ta taɓa shi, ta kasa ɗaga shi, ta ruga shagon Tela.

Tela ya rufe fuska da hannu biyu. Ya ce da ya ga yadda take, ya san abin da unguwa za ta ce. Za a ce ta kai shi ne ta huta. Ita da ta ba da rayuwarta duka, shi kuwa da bai taɓa kwana ɗaya a ɗakin ba, shi za a riƙa yi wa sannu. Ya ce a duk shekarun nan bai ɗauke mata komai ba, sai ya ga ko wannan ya ɗauke mata. Ya tuna shingen gonar a kwance yake, Baba kuma ya saba zuwa. Ya zaci za a ce tsautsayi ne, ya zame ya faɗa, a yi wa Mai Gona faɗan shinge a wuce wurin. Bai san goshin zai fashe ba.

Sajan ya tambaye shi yana ina lokacin da ake dukan Maigadi.

Ya ce yana wurin. Ya sauya kaya ya dawo cikin jama'a. Ya ji ƙarar karyewar hannun. Ya buɗe baki, ya dubi mutanen, ya rufe.

Mai Gona, wanda Sunkuye ya zaci zai yi ta zage-zage, ya juya musu baya yana gyara bakin wani buhu da ba abin da ya same shi. Dogo ya buɗe ƙofa ya fita bai nemi izini ba.

Sajan ya ce Tela zai bi shi, da duk wanda aka tabbatar ya ɗaga hannu a kan Maigadi. 'Yar Fari ta miƙe ta gyara mayafinta ta ce ta shirya. Sajan ya ce mata zai rubuta abin da ta faɗa, amma shi bai ga abin da zai tsare ta a kai ba, ta koma gida. Ta tsaya tana kallonsa kamar ya hana ta abin da ta zo nema. Ta tambaye shi to ina za ta kai laifin nan. Sunkuye ne ya raka ta har ƙofar gida. Da za ta shiga ta ce masa, Kawu, da ka bari. Ya ce da ya bari, da akwai wanda zai mutu a kurkuku a kan barcin da ta yi. Ta gyaɗa kai ta shige.

Da safe Sunkuye ya je asibiti. An ɗaure hannun Maigadi, likita ya ce idon ba lallai ya dawo ba. Ɗan sandan da ke kansa ya tafi. Sunkuye ya zauna a bakin gadon ya ba shi labari tun daga farko, bai rage komai ba.

Maigadi ya saurara da ido ɗaya a kan silin. Bai zagi kowa ba. Ya ce shi yakan buɗe wa tsohon ƙofa in Mai Gona ba ya nan, ya ba shi kujera ya kalli kifi, don yana tuna masa da nasa uban. Ya tambaya ko tsohon ya sha wuya. Sunkuye ya ce an ce yana dariya.

Can ya ce akwai abin da ya fi hannun damunsa. Direban motar abincin kifi ɗan garinsu ne, ya ga an tafi da shi cikin jini ana cewa ya kashe tsoho, ya kuma juya da motarsa a ranar. Yanzu labarin ya isa. Matarsa ta ji, 'ya'yansa sun ji, mahaifiyarsa da ba ta da lafiya ta ji. Ko an aika musu cewa ƙarya ne, za su ce ana lallashinsu ne, mutanen gari kuwa na farkon za su riƙe.

Sunkuye ya tambaye shi sunan garin da inda ake sauka. Maigadi ya faɗa masa, ya ce tafiya ce ta yini guda, hanyar kuma ba kyau. Ya kwatanta masa gidan, bayan makaranta, mai ƙofar langa-langa shuɗiya.

Sunkuye ya biya gida ya gaya wa matarsa kada ta jira shi yau. Daga nan ya wuce tasha, ya sami motar ba ta cika ba, ya shiga ya zauna a kujerar baya kusa da taga, yana ta shirya yadda zai fara yi wa tsohuwar bayani.